Turaren Gidan Malam Badaru

Wani siririn hayaƙi ne ke fitowa ta saman ƙofar zauren wani gida, da rana tsaka. Sufeto Azumi ba ta gan shi ba sai don mai keken da ya ɗauko ta ya rage gudu zai kauce wa rami. A jikin bangon an rubuta "Gidan Sayarwa" da jan fenti. Ƙamshin turaren wuta ya biyo su har kwana, ta ce a ranta duk wanda ya kunna wannan kaskon bai iya ba, don har da ƙauri a ciki.

Ba ta sake tuna gidan ba sai washegari, da ta tarar da wata tsohuwa zaune a kan benci gaban kantar ofishinsu na 'yan sanda, ta ƙi yi wa kowa bayani sai mace 'yar'uwarta.

Sunanta Nana Khadija, amma kowa Gogo yake ce mata. Daga Barkiya ta taso. Ƙanenta take nema, Malam Badaruddeen, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya a nan Dutsin-Ma. Da ta kwatanta gidan, Azumi ta gane shi.

Labarin irin wanda ofishin ya gaji da ji ne. Tun damina 'yan bindiga suka tare mota tsakanin Wurma da Kurfi, suka tafi da ɗiyar Malam Badaru guda ɗaya tilo, Hafiza. Ya sayar da shanu, ya sayar da gona, aka kai masu kuɗin. Suka karɓa, suka ce bai isa ba.

"Yanzu matarshi ta ce wai ya shiga daji kai masu saƙo, suka riƙe shi," in ji Gogo.

"Ai yana faruwa, Gogo."

"Yana faruwa ga wanda ya tafi. Badaru bai tafi ba."

"Yaya aka yi kika sani?"

Gogo ta ce zuwansa na ƙarshe Barkiya, a kan tabarmarta ya zauna ya yi kuka kamar yaro. Ya ce mata zuciyarsa ta ba shi yarinyar ba ta da rai, ko allura ba zai ƙara ba su ba, kuma gidan nan shi kaɗai ya rage masa, ba zai sayar ba. Ga shi fiye da wata ba a gan shi ba, ga gida an sa a kasuwa.

Azumi ta rubuta, ta kai wa DPO. Ya duba sama-sama, ya ce ta je ta gani.

Da la'asar ta isa gidan tare da Saje Hamma. Ta bar shi a zaure ta shiga ciki da sallama.

An gyara gidan, gyara na gaske. An shafe bango da farar ƙasa. Turken awaki ba kowa, an kwashe taki an zuba sabon yashi. An wanke rariya da toka da lemun tsami, an rataye saiwar jema a kowace taga an yayyafa mata ruwa, don iska ta riƙa ɗauko sanyi da ƙamshi. Amma hayaƙi ya cika ko'ina har yana yaji a ido.

Wani ƙaton mutum ya fito daga ɗaki riƙe da kasko, idanunsa jajur. Tana kallo ya damƙi turare cikin hannu ya watsa a kan garwashin da ke ci ja. Ya yi ƙara, ya turnuƙe. Ko yarinyar da aka kai ɗaki jiya ta san sai garwashi ya lafa ya yi toka-toka ake ɗora turare, kuma ɗan kaɗan.

"Ƙanena ne, Manu," wata murya ta ce.

Matar gidan, Batula, tana zaune can ƙarshen tsakar gida a gindin darbejiya, ta gefen da iska ke tasowa. Doguwa ce, ta rame, da zane mai duhu da hijabi marar ado. Ta shimfiɗa wa Azumi tabarma.

Ta ba da labarinta ba tare da gargada ba. Mutanen daji sun kira sun ce a kai masu magani da katin waya. Malam ya fita da sassafe, bai dawo ba. Kafin ya tafi ya ce in ta kama a sayar da gida, Manu ya tsaya masa.

"Kin kai rahoto?"

"Wa zan kai mawa, ranki ya daɗe? Na Hafiza da muka kai, me ya faru?"

Azumi ta juya ido. A barandar ɗakin tsakiya akwai kwalaben kayan turare jere a kan katako, hawi da kajiji da farce da humra, duk ƙura ta hau murafensu.

"Sana'arki ce?"

Batula ta ce ita ce. Rabin amaren garin nan da turarenta aka kai su.

"To me ya sa kika bar Manu yana ƙona maki shi haka?"

"Ƙirjina ne. Kwanan nan ba ya son hayaƙi."

Manu ya ajiye kaskon ya shiga ɗaki, bai sake fitowa ba har suka tafi.

Dillalin da ke riƙe da cinikin, Sirajuddeen, yana da rumfa kusa da tasha. Mutum ne mai baki, kafin Azumi ta zauna har ya sa an kawo mata ruwan leda. Ya ce shi ya ba su shawarar gyaran. Mai saye tun daga zaure yake yanke hukunci, in ya shaƙi warin awaki ko na rariya, to ko fadar sarki ka nuna masa a ciki ya riga ya rage kuɗi.

"Amma ni cewa na yi a ɗan turara," ya ce. "Ban ce a mai da gidan gidan ƙona bulo ba. Ranar da na kai mai saye, Alhaji Atiku, har ya fito yana tari."

"Wa ya ba ka gidan?"

"Malam da kanshi."

"Yaushe?"

"Kafin ya tafi."

"A ina?"

"A... nan. Nan rumfar."

Azumi ta ce to ya taso su je ofis ya rubuta hakan, ya sa hannu, don in magana ta kai kotu shi ne shaidar farko. Sirajuddeen ya cire hula ya share gumi. Ya ce a gaskiya Manu ne ya zo masa. Shi da Malam sau ɗaya suka taɓa maganar, tun da daɗewa, kuma korar kare Malam ya yi masa.

Da ya ga ba a kama shi ba, sai bakinsa ya dawo. Ya ce cinikin nan ya ba shi wahala. Matar ta kafe a biya yanzu, amma ba za ta tashi daga gidan ba sai bayan wasu watanni, ko kwana ɗaya ba za ta yi a waje ba. Da ƙyar Alhaji ya yarda, don tausayin yarinyar da ke daji. Ranar Juma'a bayan masallaci za a biya.

"Sannan ga rijiya. Ranki ya daɗe, kin san yadda ake wahalar ruwa a unguwar nan. Gida mai rijiya, ruwa garai-garai, ko da bazara ba ta ƙafewa. Na je na tarar sun rufe ta da siminti. Wai don kada yaran mai saye su faɗa. Yanzu ruwan 'yan garuwa suke saye."

Azumi ta tuna wani faffaɗan dakali da ta gani kusa da madafa, an jera tukwane a kai. A nan ne hayaƙin ya fi kauri.

Ranar kasuwar Kurfi Azumi ta shiga motar haya ba kaki. A bakin kasuwa ta nemi Abdulƙadir, ɗan acaɓan da ya kai kuɗin farko daji. Bai so magana ba, sai da ta rantse masa ba sunansa take nema ba.

Ya ce Malam Badaru bai hau mashin ɗin kowa ba a nan, kuma ba a shiga wajen mutanen nan sai ta hannun wanda suka sani. Ya ƙara da cewa in sun riƙe mutum ba sa ɓoyewa. A ranar suke kira su faɗa, don kaya ne ya ƙaru.

"Yarinyar fa?" ta tambaya.

Ya kalli ƙasa. Ya ce wani da aka sako kwanan baya ya ce ya gan ta, tana da rai, amma ƙafarta ta kumbura. Ya ce kuma mutanen sun fara gajiya da jira.

Ta sami Gogo a layin masu nono, tana zaune bayan ƙwaryarta. Gogo ba ta taɓa shiri da Batula ba, kuma ba ta ɓoye. Ta ce mace ce mai son ado, ko da aka ɗauke ɗiyarta ba ta daina kwalli da humra ba. In an yi magana sai ta ce Hafiza za ta dawo, ba ta so ta tarar da uwarta kamar gawa.

"Sai yanzu da Badaru ya ɓace na je na gan ta fuska fayau, ko ɗan kunne babu. Na ce oho, ashe ta san kunya."

Azumi ta yi mata sallama. A mota, an matse ta tsakanin buhun gero da wata mai goyo, ta rufe ido.

Shekarun baya, da aka kawo gawar mijinta daga bakin aiki, yayarta ce ta zo ta kwashe kwalaben turarenta daga kan madubi, ta cire mata 'yan kunne, ta ba ta sabulun salo. Wata huɗu da kwana goma ba ta shafa komai ba, ba ta kwana ko'ina ba sai ɗakinsa. In maƙwabta sun kunna kasko, tashi take ta koma inda hayaƙin ba zai kama mata zane ba.

Matar da mijinta ke daji jira take yi. Ba ta shiga takaba.

Azumi ta gaya wa DPO abin da take zargi. Ya ba ta Saje Hamma da kurata biyu da guduma da diga. Suka je ranar Juma'a da hantsi. Gogo ta riga su, tana zaune a dakalin ƙofar gida, wai tun jiya ta kwana a garin.

Azumi ta ce wa Saje su tsaya a zaure, kada wanda ya shigo sai ta kira.

Ba a kai ga kunna kasko ba, Manu na tsugune yana hura gawayi. Ta wuce shi ta tsaya a bakin dakalin tukwanen. Simintin sabo ne, aikin wanda ba magini ba, ya tsage ta gefe ɗaya. Ƙudaje na bin tsagar. Ta sunkuya kaɗan, ta miƙe da sauri.

Batula na inda take, gindin darbejiya. Azumi ta zauna kusa da ita, kusa sosai. Ba abin da ke tashi daga jikinta sai sabulun salo.

"Yaya ƙirjin?"

"Da sauƙi."

"Ni ma na taɓa irinshi," Azumi ta ce a hankali. "Nawa ya kama ni ranar da aka binne maigidana. Allah ya ba ki haƙuri, Batula. Kwana nawa ya rage maki ki fita?"

Batula ta sa bakin hijabi ta share hanci.

Manu ya taso da gawayi a hannu. Ya ce shi ne. Sun yi faɗa da Malam a kan maganar gida, ya ture shi, yayarsa ba ta ma nan. A kama shi a tafi.

"A ina kuka yi faɗan?"

"A zaure."

"Ka ɗauko shi daga zaure har nan?"

"Manu, bari," in ji Batula. "Kana Wurma ranar. Kowa ya gan ka a gona."

Sannan ta faɗa, muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Ranar da abin ya faru, mutanen sun kira da safe, suka ba Hafiza waya. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, Inna ƙafata. Batula ta fito da gudu ta sami Malam yana jan ruwa. Ta ce ya zo ya ji, ɗiyarsa na da rai. Ya ce ba zai ji ba. Ya ce muryar da suka ɗauka ce tun tuni suke kunna mata, kuma ko da ran nata, in aka ba su gidan za su ce a kawo wani abu, su ƙare a titi ba ɗiya ba gida. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. Ya ce ta sake shi, shi ya riga ya yi wa Hafiza addu'ar da ake yi wa matattu. Ya juya ya sunkuya zai jawo guga.

"Na tura shi. Da hannuna biyu."

"Ya mutu nan take?"

Batula ta dubi dakalin.

"Ya kira sunana. Igiya na nan a hannuna. Maƙwabta na jin kira in na yi. Na zauna a nan inda nake zaune yanzu, har ya daina."

Daga baya ta aika aka kira Manu. Shi ya yi ta ɗebo ƙasa yana zubawa, ya kawo siminti. Da zafi ya tsananta wari ya fara fitowa ta tsagar, sai ga dillali da shawarar a turara gida. Ta ba Manu kwalaben da ta haɗa wa Hafiza don ranar aurenta.

"Da kin shafa turarenki kin sa kwalli, da ban gane ba," Azumi ta ce.

"Na sani. Na ɗauko kwalbar ya fi a ƙirga." Ta girgiza kai. "Shekara talatin muna tare. Na hana shi wanka da likkafani. Wannan ɗin ma in hana shi?"

Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika. Batula ta kama hannun Azumi. Tafinta sanyi ƙalau.

"Ranki ya daɗe, yau Alhaji zai biya. Yau ɗin nan, bayan an sauko. Gobe Abdulƙadir ya kai masu. Ki ba ni zuwa jibi. Ba inda za ni, kin ga ko ƙofar gida ba na fita. Jibi ki zo ki tafi da ni, ki rataye ni in kin so. Ki bari ta fito."

Azumi ta kalli ƙofar zaure. Ba wanda ya ji. Tana iya fita ta ce wa Saje ba ta ga komai ba tukuna, a dawo wani satin. Ta san kuma gidan ba na Batula ba ne da za ta sayar, ya zama gado, har tsohuwar da ke zaune a waje tana da haƙƙi a ciki. Ta san Alhaji zai zuba iyalinsa a kan kabarin da bai sani ba. Ta san mutanen daji sun taɓa karɓa suka ce bai isa ba. Duk ta san wannan, amma abin da ke mata yawo a kunne shi ne, Inna ƙafata.

Hannun Batula na cikin nata.

Sannan ta zare hannunta, ta kira Saje.

Gudumar farko ta faɗa kan simintin, tukwane suka yi tsalle. A ta uku dakalin ya buɗe. Kuratan suka ja baya suna toshe hanci da hula. Abin da aka yi sati-sati ana dannewa da hawi da kajiji ya tashi ya cika gidan, ya fita zaure, ya kai titi. A waje Gogo ta fara salati da ƙarfi.

Saje ya sa wa Manu ankwa. Azumi ta ce a bar Batula haka. Batula ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, ta miƙa mata.

"Yau da yamma za su kira. Ki ce masu... " Ta tsaya. "Ban san me za ki ce masu ba."

Azumi ta karɓa ta sa a aljihu. A bakin zaure Batula ta ja burki, ta dubi dokin ƙofar da ba ta ƙetare ba tun ranar. Ta tambaya ko a can gidan yari za a bar ta ta ƙarasa kwanakin takabarta. Azumi ta ce ba mai ba ta turare a can.

Mutane sun taru a ƙofar gida. Sirajuddeen na ta yi wa na kusa da shi bayanin cewa shi tun farko bai yarda da rufe rijiyar nan ba. A bayansa wani dattijo ne cikin farar babbar riga ta Juma'a, da darduma a kafaɗa da jakar leda a hammata. Ya biyo ne ya ƙara duba gidan kafin masallaci. Azumi ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta gane shi daga yadda Batula ta tsaya cak.

"Alhaji," Batula ta ce. "Ɗakunan lafiya lau suke. Rufin sabo ne. Alhaji, ko rabi ne."

Alhaji Atiku ya dube ta. Ya dubi jan fentin da ke bango. Iska ta sake kaɗowa daga cikin gidan, ya ɗaga gefen rigarsa ya rufe hanci. Ya gyara jakar a hammatarsa, ya ratsa ta tsakanin mutane a hankali, ya bi lungun da ke zuwa masallaci.